Yadda aka auna lafiyar ƙwaƙwalwar ƙanena, daga teburin kati zuwa ranar dawowa

Na rubuta wannan ne saboda iyalan da ke da mara lafiyar ƙwaƙwalwa a gida, sun yanke shawarar zuwa asibiti amma ba su san abin da za su tarar ba. Ni ma'aikacin lafiya ne a matakin farko, duk da haka da abin ya zo kan ƙanena sai da muka yi kurakuran da suka ci mana lokaci. Shekarunsa 26, yana tsaron shago a Kantin Kwari. Abin ya soma da rashin barci, kusan mako uku yana kwana zaune. Sai ya fara cewa 'yan layinsu da shi suke, duk dariyar da aka yi tasa ce. Daga nan ya daina cin abincin gida sai wanda ya saya da hannunsa, wai ana zuba masa wani abu. An yi masa ruƙiyya mako biyu. Daren da ya ce wa Inna, "Ki yafe min, na kusa hutar da ku," a daren muka yanke cewa gari na wayewa sai asibiti.

Aikin rage hatsari a wannan daren ya fara, tun kafin a ga likita. Mun kwashe duk abin da mutum zai iya cutar da kansa da shi cikin gaggawa: kwalbar fiya-fiya da ke bayan ƙofa, maganin ɓera, wuƙaƙen kicin, igiyar guga, har da maganin hawan jinin Inna, muka kai gidan maƙwabci. Aka rufe rijiya aka sa kwaɗo, ɗan'uwanmu ɗaya ya kwana a ɗakinsa. Dalili kuwa, tunanin kashe kai yakan taso da ƙarfi na ɗan lokaci ne sannan ya lafa, in a lokacin babu komai kusa da hannu, sau da yawa an tsira.

A Kano wuraren da aka fi zuwa su ne asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau da ke hanyar Katsina, da sashen lafiyar ƙwaƙwalwa na Asibitin Malam Aminu Kano a titin Zariya, sai kuma likitoci masu zaman kansu. Wasu a gida sun so a ce masa ziyara za a je. Na hana, domin mutumin da ya riga ya yarda ana ƙulla masa makirci, in ka yaudare shi sau ɗaya ka tabbatar masa da zarginsa, kuma kai ne za ka riƙa miƙa masa magani wata da watanni. Abin da na ce masa shi ne za mu je a duba rashin barcin nan, wanda gaskiya ne. Mota muka nema ba adaidaita sahu ba, saboda gefenta a buɗe yake. Ya zauna a baya tsakanin mutum biyu, babu ɗauri.

Mun isa ƙarfe 7:30 na safe. Teburin kati aka fara: suna, shekaru, adireshi, da suna da lambar wayar wanda ke tsaye a kansa. In wani asibiti ne ya turo ku, a nan za ku miƙa takardar. Ka biya, ka karɓi rasit, ka dawo a buɗe fayil. Duk rasit ɗin da aka ba ka ka adana a wuri ɗaya, za a neme su a gaba. Daga nan sai wajen ma'aikatan jinya, aka auna jini, zafin jiki, bugun zuciya, nauyi da sukari. A nan muka yi kuskuren farko. Sista ta tambaye ni me ke damunsa, na ce rashin barci da surutai, na haɗiye maganar da ya faɗa wa Inna saboda akwai mutane a kusa. Sai muka bi layi kamar kowa har wajen ƙarfe 11. Da na rage murya na faɗa mata, da an shigar da mu tun da wuri. Maganar mutuwa, barazana ga wani, kwana biyu ba ci ba sha, zazzaɓi mai zafi tare da ruɗewa, ko faɗuwa irin ta farfaɗiya, duk wanda ya zo da ɗaya daga cikinsu ya faɗa tun daga bakin ƙofa.

Ganin likita na farko ya ɗauki sama da awa ɗaya, kuma kashi uku ya yi shi: mu biyu tare, shi kaɗai, sannan ni kaɗai. Nan kuskure na biyu ya bayyana. Ni ba a gidan nake kwana ba. Da likita ya fara tambayar ƙarfe nawa yake kwanciya, yaushe rabonsa da wanka, yana salla a kan lokaci ko ya daina ko kuwa ya wuce gona da iri, wane abu ne ya fara canzawa kuma a wane mako, sai na ga ban da amsa. Dole aka kira Inna a waya. Wanda ya kamata ya raka mara lafiya shi ne wanda ke kwana da tashi tare da shi, ko da tsohuwa ce da ba ta yi boko ba. Babu gwajin jinin da ke nuna taɓin hankali. Da labarin da kuka kawo da abin da likita ya gani da idonsa ake gane ciwon, saboda haka in labarin ya zo da giɓi, hukuncin ma da giɓi zai fita.

Likita ya tambayi cututtukan da ya taɓa yi a baya: farfaɗiya, buguwa a ka, hatsarin mota ko na babur, ciwon sukari, maƙoƙo, da duk maganin da yake sha, na asibiti da na gargajiya. Ya tambayi ko akwai mai irin wannan a dangi. Akwai kawunmu da aka daɗe ana rufe zancensa saboda kada a ƙi auren 'ya'yan gidan, na faɗa, domin sanin hakan yana taimaka wa likita. Da ya zo kan shaye-shaye sai na ce da ƙarfin gwiwa ba ya shan komai. Likita bai ce min komai ba. Ashe da suka keɓe, ƙanena ya gaya masa ya kusa shekara yana shan tiramol don gajiyar kasuwa, wani lokaci da wiwi. Sai da likita ya nemi izininsa sannan aka sanar da ni. Kada ran kowa ya ɓaci da wannan tambayar, kowa ake yi wa. Rahoton 2018 na ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da miyagun ƙwayoyi ya ƙiyasta mutum miliyan 14.3 ne a Najeriya suka yi amfani da ƙwaya a cikin shekara ɗaya, to ba a gidan wani kaɗai suke ba. Wiwi yana iya tayar da jin muryoyi da zargi ko ya tsananta su, tiramol kuwa yana kawo jijjiga, kuma yana karo da wasu magungunan damuwa. Likitan da aka ɓoye wa wannan zai iya rubuta maganin da zai cutar.

Akwai ɓangaren da za ka ɗauka hira ce kawai, alhali shi ne awon. Likita yana kallon tufafinsa, yadda ya zauna, ko yana haɗa ido, ko maganarsa tana da kai da gindi. Ya tambaye shi yau wace rana ce, ina muke, wa ya kawo shi. Ya ba shi kalmomi uku, kujera, lemo, agogo, ya ce ya riƙe zai tambaye shi an jima. Ya sa shi ya jero ranakun mako daga ƙarshe zuwa farko. Ƙanena ya ci duka, har ya yi tsaki ya ce, "Yaya, ka ga ni ƙalau nake." Amfanin waɗannan shi ne raba ciwon ƙwaƙwalwa da ɗimuwar da ciwon jiki ke jawowa. Mutumin da ya ruɗe cikin kwana ɗaya ko biyu, bai san inda yake ba, yanzu ya gane ka an jima bai gane ka ba, ga zafin jiki, wannan ana fara neman sanƙarau, zazzaɓin cizon sauro mai taɓa ƙwaƙwalwa, faɗuwar sukari ko ciwon ƙoda, kuma jinkiri a kansa yana kisa. Bayan haka likita ya sassauta murya. "Malam, kana jin magana alhali ba kowa kusa da kai? Da kunne kake ji ko a cikin kai? Da kai ake yi ko a kanka ake yi? Ana ce maka ka aikata wani abu?" Ya ce muryoyi biyu ne, zaginsa suke, amma ba su taɓa ba shi umarni ba. Na lura likita bai yi musu da shi a kan zancen guba ba, bai kuma gaskata shi ba, cewa ya yi, "Lallai kana cikin tsoro." Mu a gida mako uku muka yi muna musu da shi, ba abin da ya ƙaru sai nisa.

Sai aka zo kan tambayar da ta sa cikina ya ɗuri ruwa. Likita bai yi kwana-kwana ba, kuma hawa-hawa ya bi. Kana jin rayuwar ta ishe ka? Ka taɓa jin gara ka mutu? Ka yi tunanin kashe kanka? Ka tsara yadda za ka yi? Ka tanadi abin? Ka sa rana? Ka taɓa gwadawa a baya? Ƙanena ya sunkuyar da kai yana murza hularsa, ya ce tunanin yana zuwa da dare, bai tanadi komai ba, bai taɓa gwadawa ba. Aka ce me ke hana ka, ya ce, "Tsoron Allah, da Inna." Likita ya rubuta wannan amsar kamar yadda ya rubuta sauran, domin abin da ke riƙe mutum shi ma ana auna shi. Mutanenmu suna tsoron cewa tambayar za ta cusa wa mutum tunanin da ba shi da shi. Ba haka ba ne, masu wannan aiki sun daɗe da tabbatar da hakan, sau da yawa ma sauƙi mutum yake ji da aka ba shi damar furtawa. Abin da ya fi nuna hatsari shi ne gwadawa a baya, sai tsari da tanadi, sai muryar da ke ba da umarni, sai maye, sai kaɗaici. Wasu iyalai suna ɓoye yunƙurin baya don kunya, wasu don an daɗe dokokin ƙasar nan suna ɗaukarsa laifi. A gaban likita ɓoye shi ne babban ganganci, shi magani ya zauna yi.

Hatsari ga wasu ma an tambaya: wa yake zargi, mutum ɗaya ne takamaimai ko jama'a, ya taɓa tunanin ramawa, yana yawo da makami, ya taɓa dukan wani. Zargin da ya tsaya a kan mutum ɗaya da ake gani kullum ya fi wanda ya bazu hatsari. Amma abin da ya fi tsaya min shi ne lokacin da likita ya ɗaga hannun rigarsa ya duba wuyan hannu, ya duba idon sawu da baya. Tabon mari da bulala yake nema. Mafi yawan masu wannan lalura ba sa cutar da kowa, su ake cutarwa: a ɗaure, a doke, a turnuƙe da hayaƙi a ɗaki rufe, yara su jefa, wanda ya fita yawo da dare a yi masa ihun ɓarawo, mace kuma a ci zarafinta. Kowa ya tuna abin da aka gani a gidajen marin da aka bankaɗo a Kaduna da Katsina a 2019. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2023, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, ta ba mara lafiya haƙƙin a mutunta shi, a nemi yardarsa, a kiyaye sirrinsa, ta kuma gindaya sharuɗɗa kafin a kwantar da mutum ba da son ransa ba.

Daga ɗakin likita sai ɗakin gwaji, da wani layin biyan kuɗi. An ɗebi jini don ƙidayar ƙwayoyin jini, zazzaɓin cizon sauro, aikin ƙoda da hanta, an karɓi fitsari don gwajin ƙwaya. Mace a kan ƙara mata gwajin ciki, domin akwai magungunan da ke illa ga ɗan tayi. Wanda ake zargin farfaɗiya a kan tura shi gwajin da ake maƙala wayoyi a ka. Gwaje-gwajen ne suka fi cin kuɗi, sun ninka kuɗin kati da na maganin mako ɗaya in aka haɗa. Farashi yana canzawa, saboda haka ka riƙe fiye da abin da kake zato, wani a hannu wani a asusu, ga ruwa da abinci, don mu sai bayan la'asar muka fito.

Kafin mu tafi aka yanke babbar shawara: kwantarwa ko gida. Likita ya faɗi lissafinsa a fili. Abin da ke jan a kwantar: tunanin mutuwa, muryoyi, rama, ƙwaya. Abin da ya sa ya yarda da gida: babu tsari, babu yunƙurin baya, babu umarni daga muryoyin, ya yarda zai sha magani, kuma akwai manya biyu da za su kasance da shi dare da rana. Ya ce in ɗaya daga cikin waɗannan ya sauya, gado ne kai tsaye. Sharuɗɗan su ne kada a bar shi shi kaɗai, magani ya zauna a hannun mutum ɗaya a kulle, na mako ɗaya kawai za a saya, a ba shi a gaban ido, kada ya hau babur, a dawo bayan kwana 7 ko kafin haka in an ga canji. Da zancen ruƙiyya ya taso, likita ya ce wa Inna a waya, "Hajiya, a ci gaba da addu'a da karatu. Abin da na hana shi ne duka, ɗauri, hayaƙi, da a ce a ajiye magani."

A kwana na uku wuyansa ya murɗe gefe, harshe ya fito, idanu suka kafe sama. Maƙwabta suka ce aljanun ne suka tashi. Allah ya sa likita ya riga ya gargaɗe mu: illar magani ce, an fi ganinta ga samari a kwanakin farko na magunguna irin su haloperidol. Muka koma, aka yi masa allura, kafin awa ɗaya ya saki, aka sauya masa zuwa olanzapine. A wannan gaɓar ce iyalai da yawa suke watsar da asibiti, suna ganin magani ya ƙara ciwo. Illar da ta fi wannan hatsari ita ce zazzaɓi mai zafi tare da sandarewar jiki da gumi da ruɗewa, wannan ba a jiran gari ya waye. A makon ya kuma yi fama da ciwon gaɓɓai, gumi da gudawa saboda barin tiramol, shi ma likita ne ya tsara yadda za a bi da shi.

A zuwa na biyu aka tura mu wajen jami'ar walwala, ofishin da na ɗauka na masu neman taimakon kuɗi ne kawai. Ashe a nan ake auna buƙatu. Wa ke biyan kuɗin magani, kuma zai iya na shekara? Nawa ne kuɗin mota zuwa da dawowa? Wa yake kwana da shi? In Inna ta gaji ko ta kwanta ciwo, wa zai karɓe ta? A nan ne ya fito cewa wani ya karɓi kaya bashi a hannunsa ya gudu, wata huɗu yana ɓoye wa maigidansa, kuma ranar lissafi ta kusa. Ba maganin da zai kwantar da hankalin mutumin da wannan ke jiransa. Aka tsara ni da kawu mu je mu zauna da maigidan, da yardar ƙanena a kan abin da za a faɗa da wanda ba za a faɗa ba. Aka yi maganar komawa kasuwa sannu a hankali, rabin yini tukuna. Aka yi maganar yarinyar da yake nema da lokacin da ya dace a sanar da gidansu gaskiya. Aka yi maganar abokan da ke kawo masa ƙwaya. Jami'ar ta kuma ce min in kuɗin wani magani ya fi ƙarfinmu in faɗa wa likita, domin mai araha da za a sha kullum ya fi mai tsada da za a sha mako biyu a yanke. Wanda ke yawan ƙin shan ƙwayar magani kuma akwai allurar da ake yi duk mako biyu zuwa huɗu.

Wajen mako na biyar barci ya dawo, muryoyin suka yi nisa, yana cin tuwon Inna. Mu muka saki jiki, likita kuwa a ranar ya fi tsananta tambaya. Lokacin da mutum ya dawo hayyacinsa ya tuna abin da ya faɗa da abin da aka gani, kunya da baƙin ciki sukan rufe shi, ga ƙarfin jiki ya dawo. Haka ma makonnin farko bayan an sallami wanda aka kwantar, lokaci ne na sa ido sosai. An cike masa takardar PHQ-9, tambayoyi 9 a kan mako biyun da suka wuce, maki daga 0 zuwa 27, daga 10 zuwa sama alamar damuwar da ke neman kulawa ce, ta ƙarshe kuma a kan tunanin mutuwa take. Makinsa ya haura 10, aka ƙara masa zaman tattaunawa da masanin halayyar ɗan'adam, aka mayar da ranar dawowa mako biyu maimakon wata. Duk zuwa sai an sake waɗancan tambayoyin daga farko, don amsar watan jiya ba ta tsayawa ta yau. An gaya mana magani zai ci gaba aƙalla shekara ɗaya bayan alamomin sun gushe, kuma likita ne zai rage shi sannu a hankali. Saboda olanzapine yana sa ƙiba yana kuma iya ɗaga sukari, ana auna nauyinsa kowane zuwa, ana duba sukari lokaci-lokaci.

Tun mako na biyu muka sayi ƙaramin littafi da ke zaune kusa da gwangwanin magani. Ƙanwarmu ce ke rubutawa: awa nawa ya yi barci, ya ci abinci sau nawa, ya sha magani, ya fita, da duk wata maganar da ta tsaya wa mutum a rai, a rubuta ta yadda ya faɗe ta. A shafin farko akwai sunan maganin da adadinsa, lambar fayil, da alamominsa na dawowar ciwo waɗanda shi da kansa ya zaɓa tare da likita: dare biyu a jere ba barci, ƙin abincin gida, da rufe tagar ɗaki da rana. A ƙasa an rubuta sunayen mutum uku da za a kira, da mai motar da ya yarda a tashe shi ko ƙarfe nawa ne. Yanzu in mun shiga, littafin likita yake fara karɓa kafin ya buɗe fayil.